Hular da ke Wucewa a Kan Katanga

Ga wata na kawo muku, ku gyara zama ku tarbe ta. Wanda ya san zai katse ni a tsakiya gara ya tashi tun yanzu, don idan na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku ne za ku yi magana har muryarku ta dushe.

A wani gari da ake kira Gangaren Tsamiya an yi wani maɗinki, Malam Gwadabe. Dogo ne ƙwarai, irin waɗanda sai sun sunkuya kafin su shiga zauren kowa. Manyan riguna yake ɗinkawa da hannu, da huluna, kuma da wuya ka ga ango a garin da bai sa ɗinkinsa ba. Amma hular da ke kansa ba ya yi wa kowa irinta, ko wane ne kai. Shi ya zana ta, shi ya rina zaren da kansa a marina, shi ya ɗinka. In ta tsufa ya sake wata irinta sak. Zanen kuwa sawun shamuwa ne, yadda take barin sa a kan danshin yashi bayan ruwan farko, shuɗi mai duhu a kan fari, sawu yana bin sawu yana kewaya kai.

Katangar gidansa doguwa ce, ta bi gefen hanya tun daga bakin lungu har ƙofar zaure. Kowa ya bi bayanta ba a ganin sa daga ciki, sai Malam Gwadabe, shi ma hularsa kaɗai da ɗan saman kafaɗa. Kullum da la'asar sakaliya, in ya rufe rumfarsa ta kasuwa, matarsa Inna Tasalla tana zaune a tsakar gida za ta ga hular ta ɓullo, tana tafiya ita kaɗai a kan katanga kamar kwalekwale a kan ruwa, rana tana bugun ta, sawun yana ƙyalli ɗaya bayan ɗaya kamar tsuntsuwar na takawa. Sai ta tashi ta zuba tuwo a akushi a kai masa zaure. Sai akushin ya fita sannan take kai loma bakinta. Ba wanda ya kafa mata wannan doka. Ita ta kafa wa kanta tun tana amarya, ta tsufa a kai.

'Ya'yansu uku. Babban shi ne Maiwada, wanda ya gaji rumfa. A zane hannunsa ya fi ƙarfi, kafin ka gama gaisawa da shi ya shimfiɗa maka zanen hula a kan farin yadi, kuma girman kansa zai ishi mutum uku su raba. Mai bi masa Hansai ce, tana aure a unguwar gaba, ɗinkin hula take yi a ɗaki, mace mai shiru wadda in ta sunkuya kan allura sai ka kira ta ka sake kira. Autan kuwa Ɗantani, gajere kamar ba ɗan gidan ba. Ya koyi allura sarai, amma ya kai ta inda uban bai so ba. 'Yan wasan kwaikwayo da 'yan tashe yake yi wa kaya: tumbin ƙarya na tsumma, gemun rama, rawanin buhu, doron tsoho na auduga. Wata rana Malam ya tarar da shi a dandali yana kwaikwayon tafiyarsa, jama'a suna ta dariya, sai ya ce kada ya ƙara taka masa zaure. Har Malam ya rasu maganar nan ba ta warware ba.

Da aka yi rasuwar, wani kawunsu mai saurin hannu ya tattara tufafin mamacin ya yi sadaka da su, har da hular. Wani matafiyi ya sa ta a kai ya yi gabas, ba a ƙara jin labarinsa ba. Inna Tasalla ta yi takaba, ta fita, ta zauna lafiya 'yan shekaru. Sannan tsufa ya fara kwashe mata kwanaki. Ya fara da na jiya, ya bi da na bara, yana ci yana komawa baya, har ya ajiye ta a wata la'asar ɗaya ya tafi ya bar ta a can. Ko da safe ka zo mata, ko da azahar, ita a wajenta la'asar ce, tuwo ya nuna, mai gida yana hanya.

"Inna, ki ci ko loma ɗaya ce," in ji Hansai.

"Bai wuce ba tukuna."

"Wa?"

"Ji min yarinya. Wa kike so in kira sunansa a gabanki? Rufe kwanon nan, ƙuda na shiga."

Ruwa take sha, da ɗan kunu in an lallashe ta an ce magani ne. Suka gwada faɗa mata gaskiya. Ta yi kuka irin na ranar farko, ta ɗora hannu a ka, gari na wayewa ta manta, ta koma kallon katanga. Wannan ba su ƙara yi ba. Suka kai ta asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar ta ce a mai da ita gida kada ya dawo ya tarar ba kowa. Suka roƙi wani dogon maƙwabci mai suna Barmo ya sa hular kasuwa ya wuce. Ta ɗaga ido ta sauke, ta ce baƙo ne, a ba shi ruwa in yana so. Zoben hannunta ya fara zamewa da kansa. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa duba ta ta ja su gefe ta ce in haka ta ci gaba tsohuwar ba za ta ga damina ba, ga shi kuwa bazara ta riga ta shigo.

Sai suka zauna su uku a zauren da ba a ƙara cin abinci a cikinsa ba, suka ce babu mafita sai a sake hular. Hoto ɗaya Malam ya taɓa ɗauka, ranar Salla, rawani ya rufe ta ruf. Kowannensu ya ce ai ya san ta, tun yana goye yake ganin ta. Aka ba kowa takarda ya zana. Huluna uku suka fito, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Sun yi shekaru suna ganin ta, ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ta.

To, ku ji abin da Maiwada ya yi. Ya tuna Malam ba ya ba kowa wankin hularsa. Da kansa yake wanke ta, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta jiƙe a kan wani gungumen itace da aka sassaƙa daidai kansa, ta bushe a nan ta ɗauki tsayuwa. Ya tuna kuma akwai wata tsaga a jikin gungumen, kuma a kan tsagar nan Malam yake daidaita haɗin hular kowane wanki, ba ya kuskurewa. Zaren shuni kuwa yana ɗan zuba. Ashe in haka ne, itacen ya daɗe yana shan zanen a wuri guda.

Matsalar ita ce inda gungumen yake. Yana hannun Sallau mai wankin hula, tsohon yaron shagon Malam, wanda Maiwada ya ci wa mutunci a tsakiyar kasuwa ranar sadakar bakwai, ya ce masa ɗan cin arziki, tun daga ranar ba su ƙara gaisawa ba. Sallau bai taɓa amfani da gungumen ba, don kan Malam babba ne, ba hular da ke shiga. Ƙofa yake tokarewa da shi. Da Maiwada ya aika, Sallau ya ce gungume na nan, amma a inda aka zage shi a nan za a karɓa, kuma mai zagin ya zo da kansa.

Kun san Maiwada yanzu. Ranar kasuwa, rana tsaka, ya je gaban rumfar Sallau, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya durƙusa da kai a buɗe, mahauta na gani, 'yan koli na gani, yaran shagonsa na gani. Ya ce ya yi kuskure, a yafe masa. Sallau ya bar shi a durƙushe har sai da ya gama goge hular da ke hannunsa, sannan ya mirgino masa gungumen da ƙafa.

Da Maiwada ya kai gida ya duba, babu komai a jiki sai ƙura da duhun tsufa. Ya juya shi a rana, ya juya a inuwa. Can ya shafa masa ruwa don ya goge ƙurar, ya ajiye. Yana zaune yana kallo, itacen ya fara shanyewa, sai ga sawu ya taso a hankali kamar numfashi a kan madubi, shuɗi-shuɗi, wani na bin wani, kafin ya kai hannu ga fensir sun nutse. Ya sake jiƙawa. Suka sake tasowa, amma ba su kai na farko haske ba. Nan ya gane kowane jiƙo yana wanke abin da yake nema. Haka ya yi ta yi, ya jiƙa ɗan wuri kaɗan, ya riƙe numfashi, ya kwashe abin da ya gani, ya matsa gaba. A gefen hagu, kusa da goshi, sawun ya yanke, ya bar fili kamar faɗin yatsu biyu, sannan ya ci gaba. Hansai ta ce ruwa ne ya cinye wurin, gara ya cike shi. Ya ɗaga fensir zai cike, sai ya lura sawu na ƙarshe kafin filin ya fi sauran zurfi, yatsun sun baje, irin na tsuntsuwar da ta danna ƙasa za ta tashi. Ya ajiye fensir ya ce a bar shi haka, a nan ta tashi. Ranar da ya gama zanen, ya jiƙa gungumen gaba ɗaya, ba abin da ya taso. Abu na ƙarshe da ya rage a duniya na zanen ubansa, shi ya wanke shi da nasa hannun.

Sai Hansai. Ta karɓi yadin da zane a kai, ta sayo zaren shuni mafi kyau a kasuwa, ta ɗinka kamar taƙi guda, ɗinki mai tsafta wanda ba mai kushe shi. Da la'asar ta fita ta ɗaga shi a rana ta bi gefen katanga da shi. Bai yi ƙyalli ba. Sawu ne dai, amma a mace. Ta juya ta komo ta ɗaya wajen, sai ya ɗan haska. Ta tsaya a hanya da ƙyalle a hannu, mutane na wucewa suna gaishe ta ba ta ji. Abin da ta tuna shi ne tana ƙarama, in Malam ya shiga ɗaki shi kaɗai zai ɗinka tasa hular, allura takan koma hannunsa na hagu. Bahago ne aka horar da shi da dama tun yana yaro, da dama yake ci, da dama yake yi wa mutane ɗinki, amma abin kansa da hannun da Allah ya ba shi yake yi. Zaren bahago kuwa ɗaya gefen yake kwanciya, shi ya sa ranar yamma take kama shi in yana tafiya zuwa zaure.

Ta warware duk abin da ta yi. Ta ɗaure yatsunta na dama da ƙyalle don kada su yi mata shisshigi, ta mai da allura hagu. Mace da ta aurar da 'ya ta koma koyon ɗinki kamar yarinya, tana soke kanta, tana goge jini a zane don kada ya taɓa farin yadin.

Da hannun ya fara faɗawa sai ga wata matsalar. Shunin kasuwa yana da kaifi, na Malam kuwa mai sanyi ne, kamar sama gab da magariba. Ramin marinar da yake rini an cike shi tuntuni an yi gini a kai. A duk garin wuri ɗaya ne zaren da Malam ya rina da kansa ya rage, kuma Hansai ta san wurin. A ƙasan akwatinta akwai wata 'yar riga da ya ɗinka wa ɗanta na fari ranar suna, ya cika mata wuya da ƙirji da aiki. Yaron bai kai yaye ba. Rigar nan ita kaɗai ta rage mata daga gare shi, ko mijinta ba ya taɓa ta. Ta fito da ita, ta shimfiɗa a cinya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa bakin allura ta fara zare zaren, sili-sili, tana naɗewa a kara, har rigar ta koma farin ƙyalle mai ƙananan huji.

Aikin da yake cin watanni ta gama shi kafin hadarin farko ya haɗu. Daga fitowar haske take zama har ya ɗauke, ba ta yarda kowa ya taya ta ba, don ta ce hannu biyu ba ya ɓuya a hula ɗaya. Zaren ya ƙare daidai kan sawu na ƙarshe, ko taƙi bai rage ba. Tun daga lokacin idonta bai koma daidai ba, sai an zura mata zare a allura, kuma yatsun hagun nan suna rawa in ta ɗauki kofi.

Aka wanke hula, aka ɗora ta a gungumen, ta bushe ta tsaya. Aka kira Barmo dogo ya sa, ya bi bayan katanga da la'asar. Inna, wadda a lokacin sai an jingina ta da bango take zama, ta ɗaga kai. Ta bi hular da ido tun daga bakin lungu har zaure. Suna tsaye suna jira ta ce a kawo akushi. Sai ta juyo ta dube su.

"Hularsa ce," in ji ta. "Wa ya ɗauke masa hula? Me suka yi masa?"

Ranar ko ruwan ba ta sha ba. Maiwada ya fita. Hansai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Saura Ɗantani, wanda duk wannan lokaci aike kawai ake yi da shi. Ya ɗauki hular ya juya ta, ya ce aikin ya yi, amma wannan hula ba wanda ya taɓa rayuwa a cikinta. Ya tafi da ita ɗakinsa mai cike da gemun ƙarya da tsummoki. Ya shafa mata man shanu kaɗan a bakin ciki inda gumi ke zama, ya rataye ta a hayaƙin murhu, ya murza ɗan goro a wurin da babban yatsan Malam ke kamawa in zai gyara ta. Hansai na gani ta kusa yin kuka, farin da ta yi ta karewa daga jininta ga shi ana ɓata shi da gangan. Ya sa masassaƙi ya yi masa takalman katako masu tsawo kamar turmi, ya ɗaure su da igiya har ƙwauri. Ya ɗinka kafaɗun auduga, na dama ya fi na hagu sauka, don haka na Malam suke saboda ratayar jakar ɗinki. Ya ɗora musu rabin riga, iya ƙirji, tunda abin da katanga ke nunawa ke nan.

Ku tsaya ku ga abin ta waje. Gajeren mutum a kan turame biyu, da rabin riga, wandonsa a naɗe, ƙafafu kamar na zalɓe. Yaran unguwa suka biyo shi suna tafi, mata suna leƙowa ta zaure suna toshe baki. Wani ya ce tashe ya zo ba azumi. Shi kuwa ya karya hular ta gangaro gefen hagu, ya tsaya a bakin lungu ya rufe ido, ya nemo tafiyar nan da aka kore shi daga gida saboda ita.

Ku koma ciki kuma. Hula ta ɓullo. Tana ɗan nutsewa tana tasowa, a hankali, kamar ba ta gaggawar zuwa ko'ina. Rana ta kama zaren, shamuwa ta fara takawa. Da ta kai tsakiyar katanga sai ta sunkuya, ta wuce, ta ɗago. Maiwada da Hansai suka dubi juna, don babu komai a wurin. Sai daga baya suka tuna da reshen durumi da ya taɓa ratsowa ta nan, wanda aka sare tun suna yara, Malam kuwa bai daina sunkuya masa ba har ya mutu. Daga bakin zaure aka yi gyaran murya, mai kauri, da ɗan tari a ƙarshe.

Inna Tasalla ta dafa bango ta miƙe, ita da ba ta tsaya da ƙafarta ba tun shigowar zafi.

"Kuna tsaye kuna kallo na? Ya dawo. Miƙo min akushi, ke. Wannan miyar wa ya yi ta haka tsululu?"

Akushi ya fita, ta zauna ta ci. Kafin a yi shuka zobe ya daina zamewa.

Na ga wani yana motsa baki zai ce ai yaudara ce. Riƙe ta tukuna, ba ita na tambaye ka ba, kuma ba uwarka ce ke ƙin abinci ba.

Abin da ba su lissafa ba shi ne la'asar kullum take zuwa. 'Yan wasan su Ɗantani suka samu gayyata zuwa birane, suka tafi suka bar shi, suka ɗauki wani mai yi musu kaya. Shi kuwa kowace yamma yana kan turame, ko ana ruwa, ko yana zazzaɓi, igiya ta ci masa ƙwauri har ta bar tabo. Ya zauna a zauren da aka hana shi takawa, shi kaɗai, ya ci tuwon ubansa. In ya shigo gida da safe a kamanninsa, Inna takan ja shi bayan rumbu, ta cusa masa ƙosai a aljihu, ta ce ya yi maza ya fita kafin babansa ya dawo ya gan shi. Da yamma kuma sai ta matso jikin katanga ta yi magana ƙasa-ƙasa da hular.

"Malam, yaron nan dai. Ƙuruciya ce. Ka bar shi ya dawo gida."

Ba shi da bakin amsawa, don murya za ta tona shi. Sai ya yi gyaran murya ya wuce. Ta roƙa, ta sake roƙo, damina ta wuce tana roƙo. Wata yamma hular ta tsaya cik a tsakiyar katanga, ta daɗe a tsaye, sannan ta sunkuya sau ɗaya, ba a wurin reshe ba. Inna ta ce Allah ya saka da alheri, ta koma ta zauna. Waɗanda ke waje sun ce ranar yaran unguwa ba su yi dariya ba, don sun ga fuskarsa.

Haka aka tafi har wata bazarar ta zagayo. Ranar da aka fara ganin shamuwa a kan kukar bakin gari, Inna ta tashi da ido garau. Ta kira Hansai da sunanta, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya ba ta rikita ba. Ta aika a kira mata babban ɗanta. Da la'asar hula ta ɓullo, ta bi ta da kallo har ta sunkuya wa reshen da babu, sannan ta ɗaga murya.

"Auta, sauko daga kan itacen nan haka, ƙafarka za ta lalace. Shigo ciki ka ci abinci."

Ya shigo da rabin riga, da kafaɗun auduga, hula a hannu. Ba wanda ya iya tambayar ta tun yaushe ta sani, ita ma ba ta faɗa ba. Ta karɓi hular ta ɗora a cinya, ta bi sawun da yatsa a hankali, ta shinshina zaren, ta dubi Hansai ta daɗe. Ta ci gaba da bi har yatsan ya faɗa filin nan da ba komai, ya tsaya.

"Nan ta tashi," in ji ta. "A bakin rafi ne. Na zo ɗiban ruwa, shi yana wanke zare."

Suka ci tuwo tare a tsakar gida, su huɗu, a kwano ɗaya. Da aka gama ta ce hular nan kada a raba ta, kada a yi karɓa-karɓa da ita kamar tabarmar aro. Wanda ya dawo mata da mai gidanta, shi zai riƙe ta. Maiwada ya ce wa take nufi a cikinsu. Ta yi murmushi ta ce ai a fili yake, bari ta ɗan kishingiɗa, in ta tashi za ta faɗa. Ba ta ga wata la'asar ba.

Bayan an share makoki aka ajiye hular a kan gungumen a tsakiyar zaure, su uku suka zauna kewaye da ita, kowa yana so, kuma ba wanda ya ɓoye.

Maiwada bai ɗaga murya ba. Ya ce da bai tuna da gungumen ba, da bai durƙusa da kai a buɗe a gaban kasuwa ba, da Hansai ba ta da abin ɗinkawa, Auta ba shi da abin sawa. Kuma filin da yatsan Inna ya tsaya a kai, shi ne ya hana a cike shi.

Hansai ta ce zane a kan yadi ba ya ƙyalli a rana. Ita ta gano hannun, ita ta ba da idonta, kuma duk silin zaren da ke jikin hular nan daga wuyan ɗanta ta zare shi. In an ba wani, an ba shi abin da ya rage mata na mutum biyu.

Ɗantani ya ce duk sun yi gaskiya, amma sun ga abin da hular ta yi a kan Barmo, ta kusa ƙarasa tsohuwar ne. Su sun yi nasu sun gama, shi kuwa kullum sai ya sake yin nasa. Kuma a ƙarƙashin hular nan kaɗai ubansa ya taɓa yafe masa.

Kada wani ya kawo min maganar almakashi, ta riga ta hana. Kada a ce min a bar ta a zaure kowa ya riƙa gani, mutum ɗaya ta ce. Kada kuma in ji an ce a ba babba don shi ne babba, wannan kasala ce, ba hukunci ba. Hula tana nan a kan gungume, ƙura ta fara sauka mata, su ukun suna jiran ku.

To, tsakanin wanda ya nemo zanen, da wadda ta ɗinka shi, da wanda ya sa ya yi tafiya, wane ne ya dawo wa Inna Tasalla da mijinta, har ya cancanci ya riƙe hular?